Ƙyale-su

Ranar kasuwar Ringim Ɗan'azumi ya kawo shi
a cikin kwalin sabulu,
kwana tara bayan an kwance mini awaki biyu a turke.
Na leƙa kwalin na ce, wannan ne mai gadin?
Ai ko ɗan tsako ba zai kora ba.
Na raɗa masa Ƙyale-su,
don maƙwabta sun riga sun fara magana ta saman danga.

Daren farko ya jiƙa gindin rumbu.
Na biyu ya ajiye mini tsaraba kusa da murhu,
daidai inda nake ɗora tukunyar koko.
Na zaro kara na ɗaga,
ya kwanta ya nuna mini cikinsa, fari fat,
sai hannuna ya mutu a sama.
Shi abin ya wuce masa tun ɗazu,
bai san me ya haɗa karan da kashin ba.

Dole na koyi lokutansa
yadda na koyi na Lantana tana goye:
da asuba kafin in taɓa buta,
bayan ya lashe kaskonsa,
ko in na gan shi yana zagaye yana shinshina ƙasa
kamar tsohuwar da ta yar da allura.
Sai in ce, zo, juji!
Mu bi ta bayan gida zuwa gindin tumfafiya,
ni a tsaye da zane a kafaɗa, ina jiran kwikwiyo ya yi shawara.
In ya yi, ga ƙanzo.
Inda ya ɓata a tsakar gida in kankare ƙasar,
in barbaɗa toka, in zuba sabon rairayi,
don hanci ke mayar da shi wurin.
Randa kuwa an yi mata murfi mai nauyi,
tabarmar salla ta koma ƙusa.

Ya kai wata huɗu Malam Gwadabe ya zo
da maganar rabon taki.
Bai gama gaisuwa ba
Ƙyale-su ya rungume masa ƙafa da hannu biyu
ya shiga aikin da ba a aike shi ba.
Malam ya yi salati, hula ta faɗi,
yara suka kwashe da dariya har da riƙe ciki,
ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Dariyar ce ta ƙara masa kuzari.
Washegari ya hau buhun ƙaiƙayi,
ya hau ɗan akuya, uwar ta tunkuye shi.
Na tara yaran na ce, wanda ya sake yin dariya
shi zai share turke.
Ɗan'azumi ya ce, Inna, zumuɗi ne ya yi masa yawa,
ki lura da kunnuwansa kafin ya tashi.

Na lura.
Da sun miƙe sai in ce, a'a, zauna,
in jefa masa ƙwallon goruba can nesa.
In ya ƙi ji, igiya, gindin darbejiya,
ba duka, ba magana, har numfashinsa ya kwanta.
Da hantsi ya bi Ɗan'azumi gona,
ya dawo harshe a waje, ƙafar kowa ta huta.

Yanzu ya fi turmi tsawo.
Shi ke tashina da asuba, yana karce ƙyaure.
Awakina biyar, ina ƙirga su kullum, biyar ɗin ne.
Malam Gwadabe dai har yau
daga bakin zaure yake sallama,
ya tattare babbar riga, ya ce,
Hajiya, an ɗaure mutumin?